An bar jaki ana dukan taiki: Wa ke biyan asara idan manhaja ta yi kuskure a karkarar Kano?

Duk wanda ya bi titin Kano zuwa Ɗambatta, ko ya ɗauki hanyar Katsina ta Dawanau da Bichi har Tsanyawa, ya san yadda ƙasar take: gona na manne da gona, ƙauye na hango ƙauye, da wuya a ga fili an bar shi haka nan. Abin da ya ƙaru a 'yan shekarun nan shi ne lema da ɗan tebur a bakin kowace kasuwa da tasha, da matashi riƙe da na'urar POS. A garuruwa da yawa wannan matashin shi ne banki, domin reshe mafi kusa sai an hau mota.

A gaban teburin nan ake yin wata rigima da kusan duk mai cin kasuwa ya taɓa gani. Ɗan kasuwa ya taya kwandunan tumatir, an sallama, ya tura kuɗi ta waya. Saƙo ya shigo masa cewa an cire. Manomin kuwa, ko mai POS ɗin da aka yi amfani da asusunsa, bai ga komai ba. Mai saye na nuna wayarsa yana rantsuwa, mai sayarwa na nuna tasa, direba na danna ham, rana na dukan kaya. Babu maƙaryaci a cikinsu. Kuɗin sun maƙale ne a wani wuri tsakanin manhajar wayar, da kamfanin da ya ba da na'urar, da NIBSS mai haɗa bankunan ƙasar nan, da babbar manhajar da banki ke ajiye lissafinsa a kai.

Yawanci kuɗin kan dawo, ko bayan awa ɗaya ko bayan mako. Sai dai tumatir ba ya jiran mako. Ko manomi ya karyar da kaya da yamma, ko ɗan kasuwa ya koma da mota ba kaya, ko mai POS ya ciro daga jarinsa ya biya don a rabu lafiya. Idan abin ya kai ga sulhu a wurin sarkin kasuwa ko mai unguwa, akwai mutum ɗaya da ba a kira: wanda ya rubuta manhajar. Ba a san shi ba, kuma a yadda doka da kwangila suke a yau, da wuya ya biya ko sisin kwabo.

Yadda manhaja ta shigo gona

Manoman yankin ba su nemi wannan sauyi da kansu ba, kawo musu aka yi. A 2012, lokacin Akinwumi Adesina yana Ministan Noma, Gwamnatin Tarayya ta ɓullo da shirin GES na rabon taki ta wayar salula. Kamfanin Cellulant ne ya gina tsarin. Manomin da aka yi wa rajista zai samu saƙo, ya je cibiyar rabo ya karɓi buhu biyu a rabin farashi. Shirin ya rage cuwa-cuwar 'yan tsakiya, amma daga nan ne manoma da yawa suka fara jin maganar da ta zama ruwan dare daga baya: babu sabis, ko kuma sunanka bai fito ba. Wanda saƙonsa bai shigo ba har lokacin sa taki ya wuce, babu wanda ya biya shi amfanin da ya rasa.

Babban turin ya zo da canjin kuɗi. A ranar 26 ga Oktoban 2022 Gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000. Kuɗin da ke yawo a hannun jama'a suka faɗo daga sama da Naira tiriliyan 3 zuwa ƙasa da tiriliyan 1 a Fabrairun 2023. Lokacin ya zo daidai da kakar noman rani, sa'ad da masu ban-ruwa a Watari ta Bagwai da madatsar Thomas ke fito da tumatir da albasa. Aka ce kowa ya koma tiransifa, manhajojin bankuna kuwa suka kasa ɗaukar nauyin. Kafin Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris ɗin 2023 cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki, a ƙarar da jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka fara shigarwa, mai asara ya riga ya yi asararsa.

Takardun kuɗi sun dawo, amma al'adar ta zauna. Yau sunayen Moniepoint da OPay da PalmPay sun shiga bakin dattijon da bai taɓa taka ƙofar banki ba.

Maƙeri na biya, tela na biya

Abin da ke sa lamarin ya zama bambaraƙwai a ƙauye shi ne, kowane mai sana'a a can yana ɗauke da lamunin aikinsa. Idan garma ta tsage a hudar farko, maƙeri ya san za a dawo masa da ita. Telan da ya ɓata shadda ana gobe Sallah ya san ba haƙuri kaɗai zai bayar ba. A kara, idan sa ya fito da ciwon da aka ɓoye, dillalin da ya ci la'ada shi za a fara nema, shi kuma ya nemo mai shi.

Wannan ba al'ada ce kawai ba, tana da tushe a fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Kano. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda aka rubuta tun ƙarni na 10, ya kawo hukuncin lamunin masu sana'a: wanda ya kafa kansa yana yi wa jama'a aiki, ya karɓi kayan mutum ya shige da su inda mai su ba ya gani, shi ke da alhaki idan suka lalace ko suka ɓace. Malaman mazhabar sun yi bayanin cewa ba zai kuɓuta ba sai da shaidar cewa ba sakacinsa ba ne. Dalilinsu shi ne maslahar jama'a. Mutane ba za su iya rayuwa ba tare da masu sana'a ba, kuma mai kaya ba shi da hanyar sanin abin da ya faru a bayan idonsa, don haka nauyin kawo hujja ya hau kan wanda abin ya faru a hannunsa. Ga kuma zaɓin aibi a ciniki, wato haƙƙin mai saye na mayar da haja idan ya gano lahanin da ba a faɗa masa ba.

Kotunan boko ma sun bi hanya makamanciyar wannan a kan kayan masana'anta. A 1985 Kotun Ƙoli ta tabbatar da diyya ga wata 'yar kasuwa da firjin kananzir ya fashe ya ƙona ta, duk da cewa kamfanin da ya sayar mata ya ce ba shi ya ƙera ba. A 2008 kotun ta ɗora alhaki a kan kamfanin da ya ɗura lemon Fanta da aka samu kyankyaso a ciki, ko da yake mutumin da ya sha a hannun mai shago ya saya.

To me ya sa kyankyaso a kwalba ke jawo diyya, amma kuskure a manhaja ba ya jawowa?

Ƙofofin da manhaja ta bi ta zille

Ta farko ita ce, ba a sayar da manhaja, lasisin amfani ake bayarwa. Duk wanda ya sauke manhaja a wayarsa ya danna maɓallin amincewa da doguwar takarda ta Turanci. A cikin irin waɗannan takardu akan rubuta cewa an ba da ita a yadda take, ba a yi alkawarin za ta yi aiki ba yankewa ba, kuma kamfani ba zai biya asarar ciniki ko ta riba ba. A ƙauye sau da yawa ma ba mai asusun ne ya danna ba, yaron da ya buɗe masa ne.

Ta biyu ta fi wuyar tsallakewa. Manomi na da hulɗa da bankinsa, amma ba shi da wata yarjejeniya da kamfanin da ya rubuta wa bankin manhaja. A ƙa'idar dokar kwangila da Najeriya ta gada daga Ingila, wanda ba ya cikin yarjejeniya ba zai kai ƙara a kanta ba. Idan ya bi ta hanyar ƙarar sakaci kuma, kotuna sun fi saurin ba da diyya inda aka ji rauni ko dukiya ta lalace, suna ɗari-ɗari da asarar da kuɗi ce zalla, irin cinikin da ya wuce mutum.

Ƙarshen 2024 ya nuna yadda sarƙar take. A watan Satumba bankin Sterling ya bar manhajar Temenos ya koma wata da aka gina a gida mai suna SeaBaaS. A Oktoba GTBank ya koma Finacle ta kamfanin Infosys na Indiya, Zenith kuma ya koma Flexcube ta Oracle na Amurka. A duk wuraren uku abokan hulɗa sun yi kwanaki, wasu makonni, suna kukan tiransifa ba ta tafiya. Laifin manhajar ne, ko na ma'aikatan da suka kwashe bayanai daga tsohuwa zuwa sabuwa, ko na shugabannin da suka zaɓi ranar? Mai asusu a Makoɗa ko Kunchi ba shi da hanyar sani. Abin da ke tsakanin banki da mai manhaja na cikin kwangilar da ba a bugawa.

Ba wai babu ƙa'ida ba ne sam. Tun 2018 Babban Banki ya sa tarar Naira 10,000 a kan kowace tiransifar da ta gaza kuma ba a mayar da kuɗin cikin awa 24 ba. Daga Yunin 2020 ya ce matsalar ATM na bankin mutum a gyara ta nan take ko cikin awa 24, ta wani banki cikin awa 48, ta POS da intanet cikin awa 72. Wanda bankinsa bai saurare shi ba bayan mako biyu zai iya kai kuka sashen kare abokan hulɗa na Babban Bankin. Amma duk waɗannan maganar mayar da uwar kuɗi suke yi. Kwandon da ya ruɓe a jira ba ya cikin lissafi, kuma ƙa'idar a kan banki ta tsaya.

Dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta fi ƙarfin hali. Ta ce wanda ya samar da kaya ko hidima mai lahani shi ke da alhakin ɓarnar, ko da babu yarjejeniya tsakaninsa da wanda ya cutu, kuma shi ne zai kawo hujjar cewa abin nasa lafiya yake. Mai karatun Risala zai ji kamar ya san wannan magana. Sai dai a 2020 dokar bankuna ta BOFIA ta zo da sashe na 65, wanda ya taƙaita aikin waccan doka a kan hidimomin kuɗi na cibiyoyin da Babban Banki ya ba lasisi. Hukumar ba ta janye ba, har ta gayyaci GTBank a Disambar 2024 kan ƙorafin yankewar hidima, amma mai ƙaramar asara da ya ji cewa sai an fara jayayya a kan wa ke da hurumi, yakan ce ya bar wa Allah.

A nan Kano, hukumar kare haƙƙin masu saye ta jiha ta yi suna wajen kama gurɓataccen taki da kayan da wa'adinsu ya ƙare. Wannan aiki ne da ake gani da ido, a ɗora a mota a kai sito. Lalatacciyar manhaja ba ta da buhun da za a kama.

Darasin gidan waya na Birtaniya

Masu POS ya kamata su san labarin takwarorinsu na Birtaniya, domin kamar da su aka yi shi. A can ma akwai ƙananan 'yan kasuwa da ke riƙe da rassan gidan waya a ƙauyuka da unguwanni. Suna karɓar kuɗi suna biya a madadin hukuma, kuma kwangilarsu ta sa su cike giɓin da aka samu a lissafin reshe. A 1999 aka kawo musu manhajar lissafi mai suna Horizon, ta kamfanin Fujitsu. Ba a jima ba ta fara nuna giɓin kuɗin da ba su ɓace ba.

Wanda ya kira ya yi ƙorafi sai a ce masa shi kaɗai ne ke da wannan matsala. Wasu suka sayar da gidajensu suka cike giɓin. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da fiye da mutum 900 bisa zargin sata ko ha'incin lissafi, fiye da 200 suka shiga kurkuku, har da mace mai ciki. Mutane ne da aka sani da amana a garuruwansu, rana ɗaya suka zama ɓarayi a idon maƙwabta. Hukumar gidan wayar ta shafe shekaru tana musanta cewa ma'aikatan Fujitsu na iya shiga lissafin reshe daga nesa su sauya shi, alhali suna iyawa.

Sai da mutum 555 suka haɗu suka kai ƙara ƙarƙashin jagorancin Alan Bates. A Disambar 2019 Mai shari'a Fraser ya tabbatar da cewa manhajar na da kurakurai da ke iya haifar da giɓin. An sasanta a kan kusan fam miliyan 58, amma kuɗin shari'a suka cinye mafi yawa. A Mayun 2024 majalisar ƙasar ta yi doka ta musamman ta soke hukunce-hukuncen. Rahoton kwamitin bincike da ya fito a Yulin 2025 ya ce aƙalla mutum 13 ake jin sun kashe kansu saboda wannan bala'i. Diyyar da aka biya ta haura fam biliyan 1, kuma daga baitulmali ta fito. Shugaban Fujitsu na Turai, Paul Patterson, ya shaida wa majalisa a Janairun 2024 cewa ya kamata kamfaninsa ya ba da nasa kason saboda sanin ya kamata. Sanin ya kamata ya ce, ba hukuncin kotu ba.

Abin da ya ba da damar wannan zalunci ƙa'ida ce ta shaida. A shekarar da aka fara amfani da Horizon, majalisar Birtaniya ta soke sashen dokar da ke tilasta wa mai gabatar da ƙara ya nuna cewa kwamfuta na aiki daidai. Daga nan kotu ta koma ɗaukar lissafin na'ura a matsayin gaskiya, sai wanda ake tuhuma ya nuna akasin haka, shi kuwa ba shi da mabuɗin shiga cikinta.

A takarda, Najeriya ta fi su a nan. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce kafin kotu ta karɓi bayanin da ya fito daga kwamfuta, sai an nuna cewa tana aiki yadda ya kamata a lokacin, tare da takardar shaida daga jami'in da ke kula da ita. Kotun Ƙoli ta ƙi karɓar wasu takardun intanet a shari'ar zaɓen gwamnan Bayelsa a 2012 saboda rashin cika wannan sharaɗi. Matsalar ita ce wanda ke sa hannu a takardar ma'aikacin mai na'urar ne. Kuma yawancin rigingimun mai POS ba sa kai wa kotu, a ofishin 'yan sanda ko zauren mai gari suke ƙarewa, inda abin da allon waya ya nuna shi ne hujja. Shaidar da ke hannunsa ita ce ɗan rasit ɗin nan mai santsi, wanda rubutunsa ke gogewa idan ya sha zafi a aljihu. Cikakken kundin abin da ya faru, daƙiƙa bayan daƙiƙa, yana wurin kamfani.

Sakamakon jarrabawa ma bai tsira ba

Ba a kuɗi kaɗai abin ya tsaya ba. A ranar 4 ga Agustan 2025 hukumar WAEC ta fitar da sakamakon da ya nuna kashi 38.32 cikin 100 ne kawai suka ci darussa biyar har da Turanci da Lissafi. Iyaye da makarantu suka yi ca. Bayan 'yan kwanaki hukumar ta rufe shafin duba sakamako, sannan shugabanta a Najeriya, Amos Dangut, ya fito ya ba da haƙuri. An yi amfani da jerin lambobin da ba daidai ba a wata takardar Turanci, na'ura ta yi maki da amsoshin da ba nata ba. Da aka gyara, adadin ya tashi zuwa kashi 62.96. Kusan ɗaya cikin kowane ɗalibi huɗu ke nan aka fara ce masa bai cika sharaɗi ba alhali ya cika. A gidan da aka sayar da akuya ko buhun gyaɗa aka biya kuɗin jarrabawa, waɗannan kwanaki ba wasa ba ne.

Wata uku kafin nan, a ranar 14 ga Mayu, Magatakardan JAMB Farfesa Ishaq Oloyede ya zubar da hawaye a gaban 'yan jarida yana sanar da cewa ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da Kudu maso Gabas za su sake zama. Ya ce wani kamfanin da ke yi wa hukumar aiki bai ɗora gyaran manhaja yadda ya kamata a wasu manyan kwamfutoci ba. Ya ɗauki alhakin a wuyansa, abin da ba a saba gani ba. Maganin da aka ba ɗaliban shi ne sake jarrabawa cikin 'yan kwanaki.

Abin lura a duka biyun shi ne yadda aka gano kuskuren. Yawan waɗanda abin ya shafa ne da ƙarfin muryarsu a shafukan sada zumunta suka tilasta bincike. Da ɗalibai 40 ne a wata makaranta a Shanono, da an ce ba su yi karatu ba.

Turai ta fara matsawa

Ranar 19 ga Yulin 2024 kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya tura wata sabuntawa mai kuskure, ta durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5 a duniya, har da na filayen jirgin sama da asibitoci. Kamfanin jiragen Delta ya soke tashi kusan 7,000, ya ce ya yi asarar sama da Dala miliyan 500. Amsar lauyan CrowdStrike ita ce kwangila ta ƙayyade abin da za su iya biya a ƙasa da Dala miliyan 10. Delta ya garzaya kotu a jihar Jojiya. Idan kamfani mai rundunar lauyoyi na fama haka, sai a ƙiyasta halin mai kwando goma. Gwamnatin Joe Biden ta yi alkawari a Maris ɗin 2023 cewa za ta nemi dokar ɗora alhaki a kan masu manhaja, amma har ta sauka ba a yi dokar ba.

Tarayyar Turai ce ta taka matakin. A Oktoban 2024 ta amince da sabuwar dokar lamunin kaya, wadda ta ce manhaja haja ce kamar firji ko mota. Wanda ta cutar ba sai ya nuna sakacin kamfani ba, ya nuna lahani da ɓarnar da ya jawo ya isa. Kotu na iya umartar kamfani ya fito da bayanan da ke hannunsa, idan ya ƙi a ɗauka hajar na da lahani. Dokar za ta hau kan kayan da aka fitar kasuwa bayan 9 ga Disambar 2026. Wata dokar ta daban kuma za ta tilasta wa masu ƙera na'urori masu manhaja su riƙa toshe kafofin da ɓarayin intanet ke bi, daga Disambar 2027.

Kada a zuzuta abin fiye da kima. Dokar Turan ta shafi rauni, da lalacewar dukiya, da ɓacewar bayanan mutum na kansa. Ba ta biyan cinikin da ya wuce ɗan kasuwa, don haka ko a can mai tumatir ba zai samu komai ta wannan ƙofa ba. Misalin da ya fi kusa da shi na bankin TSB ne a Birtaniya, wanda ya sauya manhaja a 2018 abubuwa suka rikice. Hukumomi sun ci shi tarar fam miliyan 48.65, ya biya abokan hulɗa diyyar fam miliyan 32.7, sannan aka ci tsohon shugaban sashen fasaharsa tara shi kansa, saboda bai tabbatar da cewa kamfanin da aka ba aikin ya shirya ba. Bankin da ya san zai biya irin wannan kuɗi, shi da kansa zai matsa wa mai manhajarsa tun a teburin kwangila.

Hujjar masu rubuta manhaja

Suna da tasu maganar, kuma ba ta banza ba ce. Babu babbar manhajar da ba ta da kuskure ko ɗaya. Yawancinsu ma haɗe-haɗe ne, an ɗauko wani sashe daga aikin da 'yan sa-kai suka rubuta suka bayar kyauta, shi ya sa dokar Turai ta keɓe irin wannan idan ba kasuwanci aka yi da shi ba. Sannan ba kowace tangarɗa ce laifin rubutu ba. Ranar 14 ga Maris ɗin 2024 manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, hidimomin wasu bankunan Najeriya suka tsaya, babu mai manhajar da ya yi kuskure. Haka idan man janareton turken sabis ya ƙare a wani ƙauye.

Akwai kuma tsoron cewa doka mai tsauri za ta fi dukan ƙanana. Oracle na da inshora da lauyoyi. Matasa uku da suka haɗu a wani shago a Kano suna rubuta wa ƙungiyar manoma manhajar adashi ba su da ko ɗaya.

Amma wannan hujja ce ta a auna alhakin, ba ta a yafe shi gaba ɗaya ba. Injiniyan gini ma bai yi alkawarin bango ba zai taɓa tsagewa ba, duk da haka idan bene ya rufta ana tambayar wa ya zana, wa ya duba, an bi ƙa'ida ko an rage rodi. Tambayar da ta dace da manhaja ita ce ko an gwada ta kafin a saki, ko an san da kuskuren aka yi shiru, ko an tanadi hanyar komawa baya idan sabuwar ta ƙi. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗan buɗe wannan ƙofa ta ɓangaren tsaro: ta ɗora nauyi a kan mai tattara bayanai da kuma kamfanin da ke sarrafa masa su, ta sa tarar da za ta kai Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara ga manyan cibiyoyi, ta kuma ba wanda aka cutar damar neman diyya a kotu. Amma ita bayanan mutum take karewa, ba ruwanta da tiransifar da ta maƙale.

Abu biyu ba sa buƙatar jiran majalisa. Babban Banki na iya ba mai asusu da mai POS haƙƙin karɓar cikakken bayanin cinikin da ake jayayya a kai, ya kuma sa diyyar jinkiri ta riƙa shiga asusun mai kuɗi kai-tsaye ba sai ya rubuta takarda ba. Gwamnati kuma, wadda ita ce babbar mai sayen manhaja a ƙasar nan, daga rabon taki zuwa rajistar NIN zuwa jarrabawa, tana iya ƙin sa hannu a kwangilar da ta wanke ɗan kwangila daga kowace asara.

Maganar jarrabawar ce ta fi matsowa. Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar a 2025 cewa WAEC da NECO za su koma yin jarrabawarsu da kwamfuta. Duk ranar da hakan ta tabbata a makarantun Bichi da Minjibir da Dawakin Tofa, amsar da yaro ya danna za ta bi ta hannun kamfanonin da iyayensa ba su san sunansu ba, kuma ba zai fito da takardar da za a ciro a sake dubawa ba.